Darasi na 14: Zobe a cikin rezo, da yadda ake naɗa wa suwic shugaba

Wata rana da hantsi, cikin zafin Afrilu, aka kira ni wani ofis a nan Damargu, aka ce komai ya tsaya cak. Kwamfuta ba ta ganin na'urar buga takarda, intanet ya ɗauke, ga mutane zaune a inuwa da takardu a hannu, wasu tun asuba suka baro rugarsu. Na shiga ɗakin da aka ajiye kayan, na durƙusa gaban suwic ɗin. A ka'ida ƴan fitilun nan da ke saman kowane ramin kabul, wanda a wannan littafi muke kira ƙofa, kowace tana ƙyaftawa a lokacinta. Ran nan duka tare suke ƙyaftawa, da sauri, ba hutu. Na bi kabul ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har na iske wani shuɗi da ya fito daga ƙofa ta 7, ya zagaya bayan kabad, ya dawo ya shiga ƙofa ta 12. Ina zare shi, ban ma miƙe tsaye ba, na ji na'urar buga takarda ta kama aiki a ɗakin gaba.

Dattijon da ke gadi da sharar wurin yana tsaye yana kallona. Ya ce, "Malam, ni na sa shi. Na gan shi yana jan ƙasa, na ce kada a taka, sai na mai da shi raminsa." Na ce, "Baba, ba ka yi laifi ba. Wanda ya kafa kayan ne bai ƙarasa aikinsa ba." Har yau ina kan wannan magana. Kabul ɗaya a hannun mai kyakkyawar niyya bai kamata ya tsai da aikin ma'aikata guda ba. Maganin abin yana cikin suwic ɗin tun daga kamfani, in dai mai saiti ne, kuma aikinmu a wannan darasi shi ne mu san shi, mu iya saita shi da hannunmu.

Abin da zobe yake yi

Kun riga kun sani daga darussan baya cewa kowace na'ura tana da lambar MAC tata, kuma suwic yana rubuta wace lamba ce ke bayan wace ƙofa. In saƙo ya zo na wanda ya sani, sai ya miƙa shi ta ƙofa ɗaya kawai. In kuwa bai san mai saƙon ba, ko saƙon shela ne na kowa da kowa, sai ya fitar da shi ta dukan ƙofofi ban da wadda ya shigo ta cikinta. Shela kuwa ba ta yankewa a rezo: kwamfuta tana neman adireshi, wata tana tambayar wa ke riƙe da adireshi kaza.

To, ku ƙaddara sanƙira ne ya yi shela ranar kasuwa, aka kuma kafa doka cewa duk wanda ya ji sai ya maimaita wa na kusa da shi, kuma ba wanda yake tuna cewa ya riga ya faɗa. In mutanen a jere suke, maganar za ta kai ƙarshen layi ta mutu. In da'ira suka yi, za ta dawo wa na farko, ya sake ɗauka kamar sabuwa. Haka Ethernet yake. Saƙon IP yana ɗauke da wata ƴar ƙidaya da take raguwa duk sa'ad da ya ratsa ruta, in ta kai sifili a yar da shi. Ƙunshin Ethernet ba shi da wannan. In ya sami zobe, zai yi ta kewayawa, sababbin shela suna ƙaruwa a kansa, har hanya ta cika maƙil cikin ƴan sakan. Wannan ita ce guguwar shela. Ban da cika hanya, tana kuma rikita littafin suwic: ya ga lambar kwamfuta ɗaya ta wannan ƙofa, nan take ya gan ta ta waccan, ya yi ta gogewa yana sake rubutawa.

Wani zai ce, to a guji zobe mana, shi ke nan. A gari irin Tenhya wannan shawara ba ta isa ba. Ƙasa ce ta makiyaya, mai faɗi, nesa da masu gyara. Gara tana cin abin da aka binne, ɓera yana gwaguyar na cikin rufi, iskar farkon damina tana karkata eriya, akuya ma ba ta barin kabul da ke lilo. In hanya ɗaya tak ta haɗa gidan likita da inda intanet yake shigowa, ranar da ta yanke sai a jira mai gyara daga Tanut, in ba a dace ba daga Zinder, wadda take kimanin kilomita 150 kudu da Tanut ɗin. Saboda haka muna son hanya ta biyu, da gangan. Muna son zoben ya kasance a ƙasa, amma saƙo kada ya kewaya shi. Hanya ɗaya tana aiki, ɗaya tana zaman ko-ta-kwana.

Wadda ta warware wannan ƙulli ita ce Radia Perlman, injiniya ƴar Amurka, a 1985, lokacin tana aiki da kamfanin Digital Equipment Corporation. Dabararta ita ce suwic-suwic su yi shawara a tsakaninsu, su toshe ƙofofin da suka rufe zobe, abin da ya rage ya zama kamar itace: tushe ɗaya, rassa sun kai ko'ina, ba reshen da ya koma ya haɗe da ɗan'uwansa. Ƙungiyar IEEE ta mai da ita ƙa'ida a 1990 da lamba 802.1D, ana kiranta STP. A 2001 aka fito da mai sauri, RSTP, da lamba 802.1w. A zamanin Perlman na'urar da ke wannan aiki ana kiranta gada, shi ya sa har gobe a cikin saitin za ku ga kalmar bridge a inda ake nufin suwic.

Wa zai zama tushe

Nan ne zuciyar darasin, a nan kuma na fi ganin sakaci.

Da an kunna su, kowane suwic yana ɗaukar kansa shi ne tushe, ya soma aika wa maƙwabtansa wani ɗan saƙo da ake kira BPDU duk bayan sakan 2. A ciki yana faɗin sunansa, da wanda yake gani shi ne tushe, da tsadar hanya daga gare shi zuwa can. Sunan nan kashi biyu ne: lambar fifiko a gaba, lambar MAC a baya. Wanda sunansa ya fi ƙanƙanta shi ya ci. Kada wannan ya ruɗe ku. Ku tuna sakamakon jarrabawa a makaranta, na 1 yana gaban na 30. Duk suwic ɗin da ya ji sunan da ya fi nasa ƙanƙanta sai ya janye, ya shiga yaɗa sunan wancan, har kowa ya tsaya a kan guda.

Matsalar ita ce kusan kowane kamfani yana fito da suwic ɗinsa da fifiko 32768. In ba wanda ya taɓa, duk sun yi kunnen doki, sai a koma kan lambar MAC, a gwada daga hagu zuwa dama. Lambar MAC kuwa ba ta san komai game da garinku ba. Ba ta san wane suwic ne sabo ba, ba ta san wanne ne ke kan batir mai ƙarfi ba. Sau da yawa ma tsofaffin na'urori su ne masu ƙananan lambobi, sai ka iske wani tsohon suwic da aka kawo kyauta, aka jefa ƙarƙashin tebur cikin ƙura, shi ne shugaban rezo duka, ba wanda ya sani.

Mu yi misali da gine-gine 3 a Tenhya: ma'aikatar magajin gari, gidan likita, da makaranta, kowanne da suwic ɗinsa, an haɗa su uku-uku har zobe ya rufe. Intanet yana shigowa ta ma'aikatar magajin gari. Mu ce lambar MAC ta suwic ɗin can ta fara da D4, ta gidan likita da 48, ta makaranta da 00. In aka bar su yadda suka zo, makaranta ta ci zaɓe. Ana tashi daga aji, a kashe wuta, a kulle. Tushe ya ɓace, sauran biyun su sake zaɓe. Da safe a kunna, tsohon ya dawo ya karɓe kujerarsa, a sake shirya hanyoyi. Kowane juyi yana katse aiki na ɗan lokaci, kuma in hanyar da ke tsakanin gidan likita da ma'aikatar magajin gari ce aka toshe, duk saƙon likita sai ya bi ta makaranta kafin ya fita.

Saboda haka tushe naɗa shi ake yi, ba a barin sa ga sa'a. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa sukan ce a zaɓi suwic mafi ƙarfi da ke tsakiyar rezo. Gaskiya ne, amma a wurinmu tambaya ta farko ita ce: wanne ne wutarsa ba ta yankewa? Wanda ke kan faifan sola da batir masu kai shi har asuba, a ɗakin da ake kullewa, inda zafin Mayu ba ya dafa shi. Bayan wannan sai a duba kusancinsa da mashigar intanet da na'urorin da kowa yake nema. A ganina suwic matsakaici da ba ya mutuwa ya fi babba mai kwana a kashe.

Lambar fifiko ba a sa ta yadda aka ga dama. Tana tafiya ne da tsallen 4096, daga 0 har 61440: 0, 4096, 8192, 12288, haka dai. Dalili shi ne an yanki ƙasan gurbin an ba lambar VLAN, shi ya sa a suwic na Cisco za ku ga 32769 a VLAN ta 1, wato 32768 da 1. A misalinmu sai mu ba ma'aikatar magajin gari 4096, gidan likita 8192 a matsayin mataimaki mai jiran gado, makaranta a bar ta a 32768. Ni ba na sa 0. Ina barin ta saboda ranar da za a so ɗora sabon suwic a kan tsohon tushe cikin gaggawa.

Tsadar hanya

An sami tushe. Yanzu kowane suwic da ba shi ba zai zaɓi ƙofa ɗaya, wadda ta fi araha zuwa tushe. Ita ce ƙofar tushe. A kan kowace hanya tsakanin suwic biyu kuma, wanda ya fi kusa da tushe shi ke riƙe da hanyar, ƙofarsa ita ce wakiliya. Ƙofofin tushe da kansa duk wakilai ne, ba a toshe ko ɗaya. Duk ƙofar da ba ta sami ɗayan muƙaman nan biyu ba sai a toshe ta. Ba ta mutu ba, tana sauraren BPDU, saƙon mutane ne kawai ba ya wucewa.

Araha a nan ba ta tsawon kabul ba ce, ta gudu ce. A sabon ma'auni, wanda ake kira dogo, hanyar megabit 100 tsadarta 200,000, ta gigabit 1 tsadarta 20,000, ta gigabit 10 kuma 2,000. A tsohon ma'auni, gajere, lambobin su ne 19, da 4, da 2. Ana tara su ne zango-zango.

Mu lissafa. Daga gidan likita zuwa ma'aikatar magajin gari akwai gigabit 1, tsada 20,000. Daga makaranta zuwa ma'aikatar kai tsaye akwai tsohuwar hanya ta megabit 100, tsada 200,000. Daga makaranta zuwa gidan likita gigabit 1, tsada 20,000. Makaranta tana da zaɓi biyu: kai tsaye a 200,000, ko ta gidan likita a 20,000 da 20,000, wato 40,000. Za ta bi ta gidan likita, ta toshe ƙofarta ta kai tsaye. Ido yana ganin an yi zagaye, amma hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Ga wani tarko da ya fi shafarmu. Kabul na tagulla ba ya wuce mita 100 a ƙa'ida, gine-ginenmu kuwa a warwatse suke, saboda haka sau da yawa eriya biyu ake kafawa su kalli juna. Eriyar tana shiga suwic ta ƙofar gigabit, sai suwic ya rubuta 20,000, alhali abin da ke ratsa iska wataƙila bai wuce megabit 30 ba, ranar hazo ko iska ma ya ragu. Suwic ba ya ganin iska, ƙofa kawai yake gani. In hanyar makaranta zuwa gidan likita irin wannan ce, lissafin da muka yi ya tura kowa ta hanya mafi rauni. Gyaran shi ne a sa tsadar da hannu a bakin nan biyu, a ce 400,000. Yanzu zagayen ya zama 420,000, kai tsaye 200,000. Makaranta ta koma kabul, eriya ta koma ko-ta-kwana, wanda shi ne matsayin da ya dace da ita.

Ku kula kuma kada a gauraya ma'auni. Suwic na Cisco da yawa suna zuwa da gajere, tsofaffin sigogin RouterOS na MikroTik kuma suna ba kowace ƙofa 10 ba tare da duban gudunta ba. In ɗaya yana ƙirga da 4, maƙwabcinsa da 20,000, zoben dai zai toshe, amma ba inda kuke tsammani ba. A tsai da ma'auni ɗaya a rezo duka. In tsada ta zo daidai, ana raba gardama da sunan maƙwabcin da ya fi ƙanƙanta, sannan da fifikon ƙofarsa, wanda yake 128 in ba a taɓa ba.

Sa hannu

Zan nuna iri biyu da aka fi cin karo da su. A Cisco, bayan an shiga yanayin saiti, a suwic ɗin da za a naɗa tushe:

spanning-tree mode rapid-pvst
spanning-tree pathcost method long
spanning-tree vlan 1 priority 4096

Layi biyu na farko a kowane suwic ake sa su. A mataimaki lambar ta zama 8192. Cisco yana shuka itace dabam ga kowace VLAN, don haka in kuna da VLAN fiye da ɗaya sai a ambaci kowace. A ƙofar eriya a rubuta spanning-tree cost 400000. Don dubawa a rubuta show spanning-tree. Tushe na gaskiya zai nuna This bridge is the root. Sai abin da na fi jaddadawa: a rubuta write memory kafin a tashi. Cisco ba ya ajiye saiti da kansa. Na sha ganin wanda ya yi aiki mai kyau, ya hau mota ya tafi, da daddare batir ya sauka, da safe suwic ya tashi ya manta da komai.

A MikroTik:

/interface bridge set bridge1 protocol-mode=rstp priority=0x1000
/interface bridge monitor bridge1

Shi yana rubuta fifiko da ƙidayar sha shida: 0x1000 ita ce 4096, 0x2000 ita ce 8192, 0x8000 ita ce 32768. Layi na biyu zai nuna ko wannan ne tushe, in ba shi ba ne ya nuna ƙofar tushe da tsadarta. MikroTik yana ajiye saiti nan take. Sauran kamfanoni, irin su TP-Link da D-Link, suna da shafin saiti da ake buɗewa a burauza, gurabun dai su ne waɗannan. Wasu suna zuwa da STP a kashe, ku duba, kada ku ɗauka a kunne yake.

Ku zaɓi RSTP a ko'ina. Tsohon STP yana tsai da ƙofa sakan 15 tana saurare, wasu 15 tana koyon lambobi, in kuma sai ya jira labarin tushe ya tsufa a ƙara 20, wato daga sakan 30 zuwa 50 kafin hanya ta buɗe. RSTP ya riga ya san ƙofarsa ta ko-ta-kwana. In kabul ya yanke yana juyawa kusan nan take, in kuma maƙwabci ya yi shiru, sallama 3 yake jira, wato BPDU 3, sakan 6. Amma in akwai suwic ɗaya da tsohon yare kawai yake ji, ƙofar da ke kallonsa za ta koma tafiyar hawainiya don su daidaita.

Ƙofofin gefe

Yawancin ƙofofi ba suwic ne a bayansu ba, kwamfuta ce ko na'urar buga takarda. Waɗannan a gaya wa suwic ƙofofin gefe ne, ya buɗe su da zarar an soka kabul. In ba haka ba, kwamfuta ta tashi ta nemi adireshi, ƙofa tana jira, ta gaji ta haƙura, mai ita ya ce rezo ya lalace. Amma buɗewa da sauri ita kaɗai ganganci ce, dole a haɗa ta da mai gadi. A Cisco, a kan ƙofar:

spanning-tree portfast
spanning-tree bpduguard enable

A MikroTik a rubuta /interface bridge port print a ga lambar ƙofar, in 4 ce:

/interface bridge port set 4 edge=yes bpdu-guard=yes

Kwamfuta ba ta aika BPDU. In ya shigo ta ƙofar gefe, ko dai an soka suwic inda bai kamata ba, ko an yi zobe, sai mai gadin ya rufe ƙofar. Da an yi wannan a ofishin da na ba ku labari, abin da zai faru bai wuce rufe ƙofar da shuɗin kabul ya shiga ba, sauran ofis na aikinsa, Baba ma ba zai san an yi wani abu ba. Ƙofar da aka rufe haka ba ta buɗe kanta, sai an kashe ta an kunna. Cisco yana da errdisable recovery cause bpduguard, wanda yake sake gwada ta bayan sakan 300. A gari mai nisa da mai gyara ni ina sa shi.

Ƙananan suwic na kasuwa masu ƙofa 5 ko 8, waɗanda ba a saita su, ba su san STP ba. Wasu suna wucewa da BPDU, wasu suna haɗiye shi. In mai haɗiyewa ne aka yi zobe a jikinsa, babban suwic ba zai ga alamar ba sai guguwar ta iso shi. Ban ce a zubar da su ba, kuɗi ba ya kai kowa ga babba. Amma kada su shiga cikin zoben da ke haɗa gine-gine, a bar su a ƙarshen reshe, ramukan da ba a amfani da su a manne su da salatif.

Agogon da ba a taɓawa

Za ku ga lambobi 3 a shafin saiti: 2 ta sallama, 15 ta jinkirin buɗewa, 20 ta tsufan labari. Hannu yakan yi ƙaiƙayin rage su don a sami sauri. Ku bar su. An auna su ne a kan rezon da faɗinsa bai wuce suwic 7 a jere ba, kuma RSTP ya riga ya ba ku saurin da kuke nema. Abin da ya kamata a tsare shi ne faɗin.

A ranar 13 ga Nuwamba 2002, rezon asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka ya durƙushe, aka yi kusan kwana 4 ana fama. Likitoci suka koma takarda da biro, ana kai sakamakon gwaji da ƙafa. Da aka bincika, aka iske rezon ya yi ta girma shekara da shekaru, ana jona suwic a bayan suwic, har wani sashe ya kai zango 10. Shugaban sashen kwamfuta na asibitin a lokacin, John Halamka, ya fito ya ba da labarin a fili don wasu su koya. Asibiti ne mai ƙwararru. Abin da ya kayar da shi irin abin da muke yi ne kullum: a buɗe sabon ofis, a jawo kabul daga na kusa, ba a rubuta ba. Tun ran gini tun ran zane. Ku zana rezon a takarda, da fifikon kowane suwic da ƙofar da aka toshe, ku manna a jikin kabad, duk wanda ya ƙara wani abu ya gyara zanen.

Aikin yi

Ku kasu uku-uku, kowace ƙungiya da suwic 3 masu saiti, da kwamfuta 2, da kabul 6. Kada a jona kayan gwajin da rezon cibiyar da kuke karatu.

1. Ku haɗa suwic ɗin su rufe zobe, STP a kunne, ba ku taɓa fifiko ba. Kafin ku duba allo, ku karanta lambobin MAC, kowa ya rubuta wanda yake zaton ya zama tushe da ƙofar da za a toshe. Sannan ku duba.

2. Ku naɗa wani dabam da 4096, mataimaki da 8192. Ku sake zane, ku sa alama a ƙofar tushe, da wakiliya, da toshasshiya.

3. Ku sa kwamfuta ɗaya ta riƙa aika ping ga ɗayar ba tsayawa. Ku zare kabul ɗin da saƙon yake bi, ku ƙirga amsa nawa ta ɓace. Ku yi da RSTP, ku sake da tsohon STP, ku rubuta lambobin biyu gefe da gefe.

4. Ku ƙaddara ɗaya daga cikin hanyoyin eriya ce. Wace tsada za ku sa mata don ta koma ko-ta-kwana? Ku nuna lissafin.

5. Ku cire wutar tushe, ku mayar bayan minti 2. Fifikon da kuka sa yana nan?

6. Na ƙarshe malami ya tsaya a kai. Ku kashe STP a suwic ɗaya da aka ware, ku jona kwamfuta, ku soka kabul ɗaya bakinsa biyu a jikinsa, ku kalli fitilun na sakan 10, ku zare. Ku kunna STP da mai gadin BPDU, ku sake soka shi, ku rubuta abin da ya sami ƙofofin nan biyu.